Naɗaɗɗen Gato Mai Shokola a Tukunyar Yashi

Ƙawayena, bari in faɗa muku wani abu tsakaninmu, don na lura da yawanku kuna son tambaya, kunya ce take hana ku. Naɗaɗɗen gaton nan da 'yan mata suke nuna wa juna a waya, wanda in an yanka shi sai a ga shokola ta zagaye cikinsa layi bayan layi, ana yin sa a nan Baudeta, a tsakar gida. Ba ya neman tandar lantarki, ba ya neman injin kaɗa ƙwai. Tukunya da yashi da gawayi da hannu mai ƙarfi sun wadatar. Ni ina yin sa, kuma na tabbata duk macen da take tuƙa tuwon gida mai yawa ba za ta kasa kaɗa ƙwai huɗu ba.

Dalilin da ya sa na matsa mu koya shi ne ina jin zafin kuɗin da yake fita daga hannunmu. Suna ya tashi ko kamun amarya, sai a aika Tasawa, wasu ma har Maraɗi, tafiyar sama da kilomita 100, a sayo gato. Ya sha rana a mota, ya sha girgiza a bayan babur, kafin ya iso adon ya narke, gefe ɗaya ya rufta, kuma an riga an biya. Alhali a duk dangin gato babu mai sauƙin kaya irin wannan. Ba a zuba masa bota mai yawa yadda ake yi wa sauran. Ƙwai 4, sukari giram 100, fulawa giram 100, man gyaɗa cokali 2, ɗan gishiri, shi ke nan. Wadda ba ta da sikeli ta ɗauki ƙaramin gwangwanin madarar ruwa, irin na Peak. Fulawa cikinsa guda a shafe da ƙarin cokali ɗaya, sukari kuma kashi uku cikin huɗu na gwangwanin.

Ƙwan nan huɗu da na ce, ina nufin manya, na kajin gidan gona. In na kajinmu ne na gida, ko na zabi, ku sa shida, don ƙanana ne. Ni kam ƙwan zabi na fi so. Da damina ta kankama zabi suka fara zuba, ƙwai yakan yi araha a kasuwanninmu, daga nan har Kona da Korgom, gwaiduwarsa kuma tana da yawa tana da launi, gaton yakan fito rawaya shar. Sai dai ƙwan zabi na saye sai an yi hattara, tunda wani a daji aka tsinto shi, ba a san kwanansa ba. Ku jefa shi a ruwa. Wanda ya nutse ya kwanta lafiyayye ne, wanda ya taso sama ku fid da shi. Kuma kowane ƙwai a fasa shi shi kaɗai a kofi kafin a haɗa da 'yan uwansa, kada guda ɗaya ya ɓata biyar.

Kafin ku taɓa ƙwan ma, ku fara hura wuta. Wannan ina roƙonku ku riƙe shi, saboda ƙullun gaton nan ba ya jiran kowa. Ku samo babbar tukunyar ƙarfe ta dafuwar biki, ku zuba mata yashi mai tsabta, busasshe, kaurin yatsa biyu ko uku. Ku jera gwangwanayen tumatir uku a kan yashin, waɗanda farantin gaton zai zauna a kai, don kada ya taɓa gindin tukunya. Ku rufe, ku ɗora a murhun gawayi, ta yi ta ɗaukar zafi kuna can kuna kaɗa ƙwai. Yashin shi ne yake riƙe zafi ya raba shi daidai, ba ya barin wuta ta ci wuri ɗaya. Garwashi kaɗan kuma za a zuba a kan murfi in an sa gaton, don sama ma ya gasu. In kuna son sanin ko zafin ya yi, ku barbaɗa fulawa kaɗan a wani murfin gwangwani ku sa ciki. In ta yi ja a hankali cikin 'yan mintoci, ya yi. In ta yi baƙi nan take, ku rage gawayi.

Yaya, na ga kina murmushi, na san kina tuna 'yarki ta Maraɗi mai tandar lantarki. Ki tambaye ta yadda ta yi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba mana takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu. Sai a Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin. Watannin nan masu gato da yawa a birni tukunyar yashi suka koma wa. Mu da ma ita muka sani.

To, mu zo kan ƙwai, don nan ne aikin yake. Gaton nan iska ce take tayar da shi, iskar da hannunku ya kaɗa ya cusa cikin ƙwai. Ku raba fari da gwaiduwa. Farin ya shiga kwanon ƙarfe da aka wanke tas aka goge ya bushe. Kada ku sa shi a roba, kada ku sa shi a ƙwaryar da ta saba da nono, domin dukansu suna riƙe maiƙo, kuma maiƙo ko ɗigo ɗaya ne yana hana farin ƙwai yin kumfa. Ko gwaiduwa ce ta ɗiga ciki, ku kwashe ta da ɓawon ƙwan. Wadda take da makaɗin waya na 'yan kanti ta yi da shi. Wadda ba ta da shi ta wanke maburgi sabo, wanda bai taɓa shiga miya ba, ta riƙa murza shi tsakanin tafuka. Yana yi, wallahi yana yi, sai dai ya fi cin lokaci. Da farko za ku ga manyan kumfa masu ruwa-ruwa. Ku ci gaba. Kumfar za ta ƙanƙance, ta yi fari fat. A nan ne za ku fara zuba rabin sukarin, cokali-cokali, kuna kaɗawa. In hannu ya gaji ku miƙa wa ta kusa da ku, amma kada a ajiye. Alamar ya yi ita ce in kun ɗaga makaɗin, kumfar ta miƙe tsaye, kanta kawai ya ɗan lanƙwasa, tana sheƙi. In kun karkata kwanon ba ta zamewa. Da hannu wannan yakan ci minti 10 zuwa 15.

Gwaiduwar kuma a kaɗa ta da sauran sukarin har launinta ya yi haske ta yi kauri, a zuba man gyaɗan. Man nan shi ne yake sa gaton ya yi laushin da zai naɗu bai karye ba, kada ku ce za ku yi tattalinsa. Ga masu ƙin ƙarnin ƙwai, ku kankare bayan lemun tsami guda, koren kawai, ku zuba. Ya fi min ƙamshin kwalba.

Sai haɗawa, kuma a nan ne mata da yawa suke zubar da wahalarsu. Hannunmu ya saba da tuƙi, da mun ga ƙullu sai mu kama juyawa da ƙarfi. Wannan ƙullun ba a tuƙa shi. Ku tankaɗe fulawar a rariya sau biyu. Ku ɗebi kaɗan daga kumfar ku sassauta gwaiduwar da ita, sannan ku juye sauran, ku riƙa barbaɗa fulawa kashi-kashi, kuna ɗagowa da faffaɗan cokali daga ƙasa kuna kifawa sama, kuna juya kwanon da ɗayan hannun. Da zarar kun daina ganin farin gari, ku tsaya. Kowane juyi na ƙari iska yake fitarwa. Wadda zuciyarta ba ta natsu ba tana iya sa rabin ƙaramin cokali na bekin foda a cikin fulawar, ba laifi. Yis da kanwa kam ba su da wuri a nan.

Faranti ya zama mai faɗi, marar zurfi, wanda zai shiga tukunyar ya bar sarari a gefe. Mai kusurwa huɗu ya fi, amma zagayayyen tire ma yana yi, daga baya a gyara bakinsa da wuƙa. Ku shimfiɗa farar takarda marar rubutu ku shafe ta da mai sosai. Ban da jarida, ban da takardar siminti, komai tsabtar da kuke gani tana da ita. Ku juye ƙullun ku baje shi, kaurinsa kada ya wuce yatsa ɗaya a kwance. In tukunyarku ƙarama ce, ku raba komai biyu ku yi na ƙwai biyu. Na ma fi son kowa ta fara da hakan.

Minti 10 zuwa 15 ya ishe shi. Kada ku yi ta buɗe murfi. In ƙamshi ya fara fita, ku leƙa, ku danna tsakiyarsa da yatsa a hankali. In ya dawo, ya nuna. In yatsa ya bar rami, ku ƙara masa kaɗan. Abin gudu shi ne ya wuce wuta, don busasshen gato babu dabarar da za ta naɗe shi.

Amarya, matso, wannan gaɓar ce kika tambaye ni ranar nan, kika ce naki karyewa yake yi. Tun gaton yana wuta za ki shimfiɗa ƙyalle mai tsabta, wanda kika jiƙa kika matse shi sosai har ba ya ɗiga, ki barbaɗa masa sukari kaɗan. Kina fito da faranti, ba ki tsaya gaisawa da kowa ba, ki kife shi a kan ƙyallen. Ki ɓare takardar a hankali daga kusurwa. Ki yanke busasshen bakin nan na gefe, yara na nan suna jira. Sannan ki kama bakin ƙyallen ki naɗe su tare, gato da ƙyalle, yadda kike naɗe tabarma, tun yana turiri yana ƙona miki yatsu. Yana da zafi jikinsa a sake yake, duk yadda kika lanƙwasa shi zai bi. In ya huce a miƙe, ya riga ya daskare a haka, kina lanƙwasawa zai tsage. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ma wannan. Ki bar shi cikin ƙyallen ya huce sarai. Lokacin hunturu ki ƙara rufa masa wani kwano a kai, don iskar nan tana shanye damshinsa kafin ki ankara.

Yanzu shokola. A nan ne nake da magana mai tsawo, ku yi haƙuri da ni.

Shokolar kanti, mai sanda-sanda a takarda mai ƙyalli, ba don ƙasarmu aka yi ta ba. Man kakawo da ke cikinta yana narkewa a wajen digiri 34, mu kuwa a Afrilu da Mayu zafi yana haura 40. Ga tsada. Kakawo ba ya fita a ƙasarmu, itacen kurmi ne mai son ruwa da inuwa. Asalinsa daga nahiyar Amurka ne, kuma a Gana har yau ana tunawa da Tetteh Quarshie, maƙerin da ya kawo irinsa daga tsibirin Fernando Po a 1879. Yau Kodebuwa da Gana su biyu suna noma wajen rabin kakawon duniya. Mazanmu da suke zuwa cin rani Abijan sun san shi, wasu sun ga yadda ake shanya shi a bakin hanya. Da cuta ta kama itatuwan can, yanayi kuma ya rikice, farashin tan ɗaya ya haura dalar Amurka 10,000 a Maris 2024, abin da shekara biyu kafin nan yake wajen 2,500. Shi ya sa kuka ga duk abin da yake da shokola a ciki ya yi tsalle, har gwangwanin Milo da Bournvita da ake shigo mana da su daga Najeriya.

Ba mu ne farkon waɗanda kakawo ya yi wa tsada ba. A Italiya, bayan yaƙin duniya na biyu, kakawo ya yi wuya. Wani mai yin kayan zaƙi a garin Alba, Pietro Ferrero, ya duba abin da ƙasarsu take da shi da yawa, wani ɗan itace mai mai da suke nomawa a yankin, ya niƙa shi ya haɗa da kakawo kaɗan, ya fara sayarwa a 1946. Wannan haɗin ne ɗansa ya gyara ya zama Nutella a 1964, wadda yau ake sayar wa duniya a kwalba da tsada. Ranar da na ji labarin nan zuciyata gyaɗa ta tafi. Mu jihar Maraɗi ai gyaɗa ce ta gina mu. Iyayenmu suna ba da labarin zamanin SONARA, kamfanin da gwamnati ta kafa a 1962 don sayen gyaɗa, lokacin da ake tara buhuna tsibi-tsibi a kasuwanni, kafin farin 1973 da cutar gyaɗa su karya noman. Har yanzu babu unguwar da ba a soya gyaɗa, ba a matse mai, ba a murza ƙuliƙuli. Abin da Bature ya yi da ɗan itacensa, gyaɗarmu tana yin sa, kuma ni a bakina ta fi daɗi.

Ga yadda nake yi. In zaɓi gyaɗa tsaf, duk wadda ta yi baƙi, ta motse ko ta yi fumfuna in zubar, kuma ba na ba kaji. Wannan ba tsantseni kawai ba ne, ruɓaɓɓiyar gyaɗa tana ɗauke da guba mai cin hanta, kuma wuta ba ta kashe ta. In soya ta a yashi har ta yi ja, ba ƙonewa ba, in murje, in fece, in kai niƙa ta yi laushi sosai. Ba a matse manta, da shi ake so. Rabin gwangwanin madara na wannan niƙaƙƙiyar gyaɗa, garin kakawo cokali 3, madarar gari irin su Nido cokali 4, sukari cokali 4, gishiri ɗan mitsitsi. Sukarin sai an daka shi a turmi mai tsabta ya zama gari an tankaɗe, in ba haka ba za ku ji shi yana ƙaras-ƙaras a haƙori. A cuɗa su, a riƙa ɗiga man gyaɗa har ya yi santsin da wuƙa za ta shafa shi ba tare da ya tsiyaya ba. Ruwa kada ya kusance shi. Ɗigo kaɗan ya shiga, sai ya dunƙule ya ƙi shafuwa, kuma ruwan ne yake sa abu saurin lalacewa. Wadda ba ta samu garin kakawo ba ta sa Milo cokali 6, ta rage madara da sukari, tunda suna ciki. Launin ba zai yi duhu sosai ba, amma yara ba sa barin ko ɓurɓushi.

Wannan haɗin rana ba ta narkar da shi ya zama ruwa, abin da ya sa na fi yarda da shi ke nan a garin da ba kowa yake da firji ba. Akwai masu dafa madara da kakawo da ɗan kwastad su yi kauri. Yana da daɗi, amma na ci ne a yini ɗaya, ba ya kwana.

Gato ya huce, sai a warware shi a hankali, ba sai ya miƙe sarai ba. In kun ga ya ɗan bushe, ku tafasa ruwa kaɗan da sukari da kanumfari biyu, ya huce, ku shafa masa sama-sama. Sannan a shafa shokolar siriri, a bar kamar faɗin yatsa a bakin ƙarshe, don in an naɗe tana turuwa gaba. A sake naɗewa, wannan karon ba ƙyalle, a ɗan matse, a kwantar da shi bakin yana ƙasa. A nannaɗe shi a leda ko takarda, a ajiye a gindin randa awa ɗaya ko biyu ya kama jikinsa. In ya ɗan tsage a baya kada ranku ya ɓaci, ku shafe wurin da sauran shokola ku barbaɗa dakakkiyar gyaɗa ko soyayyen riɗi. Wuƙa mai kaifi, a goge ta bayan kowane yanka, layin zai fito tsaf. Guda ɗaya yakan ba da yanka 10 zuwa 12.

Gwaggo, na san likita ya hana ki zaƙi. Sukarin cikin ƙullun ba ya raguwa da yawa, don shi yake riƙe kumfar, amma na cikin shokolar ana iya raba shi biyu, ki ci yanka siriri. Kuma kowa ta tambaya kafin ta ba yaron baƙi, akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar gyaɗa.

Saura magana ɗaya, ita ce ma ta fi damuna. Garin kakawo shi ne kaɗai abin da za mu nema daga nesa, kuma gwangwani guda ya fi ƙarfin aljihun mace ɗaya. To ai mu ne muka koya wa duniya asusun mata. Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi aka fara ta a 1991, tare da ƙungiyar CARE, daga nan tsarin ya bazu ƙasashe da dama. In muna iya tara kuɗi mako-mako mu sayi akuya, gwangwanin kakawo ba zai gagare mu ba. Mu sa a sayo babba daga Maraɗi, a raba a ƙananan kwalabe masu murfi, kowa ta ɓoye nata nesa da damshi da rana. Cokali 3 ne gato ɗaya, zai daɗe.

Wadda take son ta sayar, ta zauna da takarda ta lissafa komai, ƙwai, fulawa, sukari, gawayi, kuɗin niƙa, har da ƙarfin hannunta, ta raba da yawan yankan, sannan ta sa farashi. Kada ta ji nauyin 'yan uwa ta sayar a faɗuwa. Ta fara da gidajen suna da 'yan makaranta, ta yi daidai wanda zai ƙare a ranar. Da ɗari yana kai kwana biyu a rufe, da bazara kuwa a yi shi da safe a cinye kafin dare. 'Yan matanmu da suka gama makaranta suna zaune, ku turo mini su ranar da ba kasuwa, biyu-biyu, kowace da ƙwanta da kwanonta na ƙarfe. Tukunya da yashi akwai a gidana.